Yadda Ɗan Adam Ya Koyi Ƙera Daimon

Waɗanda muka yi aji huɗu tare za su tuna ranar da malaminmu na kimiyya ya ɗaga guntun gawayi ya ce shi da daimon uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, wato dukansu sinadarin kabon ne, tsarin zaman ƙwayoyinsu ne kawai ya bambanta. Muka kwashe da dariya, har wani daga bayan aji ya ce, "To Malam, me ya hana ka yin arziki?" Malam, Allah ya ƙara lafiya, ashe tambayar nan ta daɗe tana hana masana barci.

Tun a 1797 wani Bature ɗan Ingila, Smithson Tennant, ya ƙona daimon ya tabbatar cewa kabon ne zalla. Daga nan aka shiga neman hanyar ƙera shi. Henri Moissan na Faransa ya yi iƙirarin ya dace a 1893, amma waɗanda suka bi hanyarsa daga baya ba su ga daimon ba. Abin da ya gagara shi ne na'urar da za ta jure matsi da zafi irin na can ƙarƙashin ƙasa ba tare da ta tarwatse ba.

Kamfanin ASEA na Suwidin ya yi nasara a 1953, sai dai ya yi gum da bakinsa. Saboda haka sunan da ya fito shi ne na Tracy Hall na kamfanin General Electric a Amurka, wanda ran 16 ga Disamba, 1954, ya buɗe matsar da ya ƙera da kansa ya tarar da 'yan ƙwayoyi suna ƙyalli. Tukuicin da aka ba shi takardar ajiya ce ta dala 10. Mu ma'aikatan gwamnati mun san irin wannan godiya.

Ƙwayoyin nan ƙanana ne kamar yashi, ba na zobe ba ne. Amfaninsu ya ƙaru ne a shekarun 1970, lokacin da aka koyi dunƙule garin daimon da ƙarfen kobalt a bisa wani gindi mai tauri na tungsten. Wannan gauraye shi ne a haƙoran yawancin kawunan haƙar rijiyoyin mai a yau. Amma yana da lagonsa: in zafi ya haura digiri 700 sai kobalt ɗin ya fara lalata daimon ɗin da yake riƙe da shi. Kuma duk taurin daimon bai dace da yankan baƙin ƙarfe ba, domin in an yi zafi ƙarfen shanye kabon ɗin yake yi.

Akwai kuma hanya ta biyu wadda ba ta buƙatar matsi. Rashawa sun daɗe suna fama da ita, sannan a farkon shekarun 1980 masanan Tsukuba a Japan suka nuna cewa in aka zuba iskar mitan kaɗan cikin haidirojin, aka bi da su ta kan waya mai jan wuta, daimon zai riƙa kwanciya a kan abu kamar raɓa. Kafin wannan, a 1971, Aisenberg da Chabot sun samar da wani siririn shafe na kabon mai kama da daimon, wanda bai kai kaurin gashi ba. Gillette ta sa shi a bakin rezarta ta Mach3 a 1998, kuma ana shafa shi a faifan ajiya na kwamfuta da wasu sassan injin mota.

To, ta yaya ake gane na gaskiya? Ana haska shi da hasken leza a duba yadda ya warwatsa hasken, dabarar da ta samo asali daga binciken C. V. Raman na Indiya a 1928, domin daimon yana da alamarsa da ba ta ɓuya. Shafe kuwa kartarsa ake yi da tsinin daimon, ana ƙara nauyi har a ga inda zai ɓare.

Abin da ya jawo ni cikin wannan karatu shi ne asarar da na gani da idona. Wani ɗan kwangila ya kawo wa ofishinmu kawunan haƙa na ɗebo samfurin dutse, takardunsu sun cika, ni ma na sa hannu. Da aka kai su daji suka sami dutse mai tauri, kafin la'asar haƙoran sun zube. Ma'aikata suka yi mako uku a tanti suna jiran wasu, ga damina ta kawo kai. Da aka tambayi wanda ya gwada kayan kafin a biya kuɗi, kowa ya sunkuyar da kai, har da ni. Tun daga ranar ba na sa hannu sai an ɗaura kai ɗaya a inji an huda dutse a gabana.