Itace, gawayi da gas: Makamashin gida da rage hayaƙi a iyakar Gobir

A ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Birtaniya, mafi yawan gidaje da iskar gas ake ɗumama su. Tun da ƙasar ta kafa doka a 2019 cewa za ta daina ƙara wa sararin samaniya hayaƙi mai ɗumama yanayi nan da 2050, hukumomi ke ƙarfafa wa jama'a gwiwa su koma ga na'urorin lantarki masu zuƙo ɗumi daga iska ko ƙarƙashin ƙasa.

A Tsamaye da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa a jihar Sakkwato, lamarin ya sha bamban. A nan itace da kara da gawayi ne makamashin gida, gas kuwa mataki ne da galibin magidanta ba su kai gare shi ba tukuna.

Ina itacen ke tafiya?

Girki ne ke cin kaso mafi tsoka. Murhu mai duwatsu uku yana barin mafi yawan zafin wutar ya bi iska, kaɗan ne ke isa tukunya.

Idan hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu, buƙatar kan ƙaru: ga ruwan wanka da na alwala, ga kaskon wuta da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi. Wankan jego ma, da akan kwashe kwana 40 ana yi, yana cin itace mai yawa.

Illolin sun shafi lafiya da muhalli. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a duniya a 2020. Garwashi a rufaffen ɗaki kuma yana fitar da iska mai guba wadda ba a gani, ba a jin warinta. Sare itatuwa yana buɗe wa hamada hanya, sannan hare-haren 'yan bindiga a gabashin Sakkwato sun mai da shiga daji neman itace kasada.

Alkawuran Najeriya

A taron yanayi na Glasgow a Nuwamban 2021, shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya yi alkawarin Najeriya za ta daina ƙara irin wannan hayaƙi nan da 2060. A watan ne ya sanya hannu a kan dokar sauyin yanayi. A 2022 aka ƙaddamar da shirin sauya makamashi na ƙasa, wanda ya sa girki cikin fannoni biyar da za a gyara, tare da lantarki da sufuri da masana'antu da fannin mai da gas.

Shirin ya ɗauki gas na girki a matsayin gada: a bar itace a koma gas, daga bisani a koma lantarki da gas ɗin da ake samu daga kashin dabbobi. Gas yana fitar da hayaƙi mai ɗumama yanayi, amma bai kai itacen da aka sare ba a maye gurbinsa ba, kuma ba ya turnuƙe ɗaki. Cikas ɗinsa shi ne kuɗin tukunya da nisan wuraren cikawa.

Waɗanne hanyoyi ke akwai?

Mafi sauƙi shi ne ingantaccen murhu, na laka ko na ƙarfe, mai tattara zafi a ƙarƙashin tukunya. Akwai samfurin Save80 da ake haɗawa a Kano, wanda masu ƙera shi suka ce yana rage cin itace da kashi 80 cikin ɗari.

Sai hasken rana. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1982, ta daɗe tana aiki a kan na'urorin girki da na ɗumama ruwa da zafin rana, da kuma rijiyoyin samar da gas daga kashin shanu.

Darasi daga Maraɗi

Hanya ta uku tana tsallaken iyaka. Tun daga 1983 manoman jihar Maraɗi a Nijar suka fara abin da ake kira sassaben zamani: maimakon tumɓuke kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi tsiro mafi ƙarfi a raine shi, a riƙa rage masa rassa. An ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, gawo na cikin fitattunsu.

Rassan da ake ragewa su ne itacen girki, bishiyar kuwa tana nan tana zuƙe hayaƙin da ke cikin iska, tana kuma kare gona daga zaizaya. Sakkwato na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka, kuma ƙasar Gobir da ta Maraɗi yanayinsu ɗaya ne. Wannan dabara ba ta buƙatar tukunyar gas ko turakun lantarki, sai dai wuƙa da haƙuri da kuma zaman lafiyar da zai bar manomi ya je gonarsa.