Daga Garwar Kananzir Zuwa Tukunyar Gumi: Tarihin Maƙeran Kwano a Ƙasar Kabi

Ina jin babu wanda zai manta da akwatin ƙarfen nan mai fentin shuɗi da muka shigo da shi makaranta a aji ɗaya, ko bokitin kwano da muke jerawa a bakin rijiya tun da asuba. Nawa akwatin yana nan har yau a ɗakin mahaifiyata a Augie, ko tsatsa bai yi ba. Shi ne ya sa na waiwayi tarihin mutanen da ke ƙera irin waɗannan kaya, da irin ilimin da aikin ke bukata, domin na lura mu da muka yi boko ba ma lissafa su cikin masu ilimi.

Ƙira dai tsohuwar sana'a ce a ƙasar Kabi. Daular da Kanta ya kafa a ƙarni na 16 ba ta tsaya ba sai da takobi da mashi, kuma duk wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu zai ga aikin maƙeran da. A wancan zamani an raba su gida biyu, wato maƙeran baƙi masu fartanya da gatari da makamai, da maƙeran fari masu azurfa da tagulla. Gado ake yi, yaro ya fara da zuga-zugi har ya kai ga riƙe masaba, Sarkin Maƙera kuma yana bisa kansu. Amma dukkansu dunƙulen ƙarfe suke sarrafawa da wuta. Fallen ƙarfe mai laushi wanda za a yanka da almakashi kamar yadi, wannan baƙo ne.

Asalinsa Turai. A shekarar 1829 aka yi rajistar kwanon rufi mai tudu da kwari a Landan, sa'an nan a 1837 wani Bafaranshe mai suna Sorel ya yi rajistar hanyar shafe ƙarfe da sinadarin da ke hana tsatsa. Mu kuwa bai iso mana sosai ba sai da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kuma kai Ƙauran Namoda a 1929, inda motoci da raƙuma ke kwasar kaya zuwa Sakkwato da Argungu. Abin da ya fi kwanon rufin tasiri ma shi ne garwar kananzir mai galan 4. Da zarar man ya ƙare, garwa ta zama ta ɗan ga-ruwa, idan ta huje kuma maƙeri ya farke ta ya fitar da mazurari da ludayi da fitilar aci-bal-bal. Wani abin mamaki, kuzar da ake haƙa a Jos ana kai ta Ingila, irinta ce ake shafa wa garwar, ta dawo mana a matsayin kayan kanti.

Daga nan sana'ar ta balle daga tsohuwar ƙira, har waɗanda ba su gada ba suka shige ta. Bayan garwa sai gangar mai ta galan 44 ta zo, wadda ta fi kauri, aka shiga yin murhun gawayi da ƙofofi da kaskon tuya. Lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa kayan waje suka yi tsada, sai kasuwarsu ta buɗe. Daga baya bokitin roba da jakar Ghana-must-go suka karya ta, kuma ina jin mu ne kusan na ƙarshe da suka je makaranta da akwatin ƙarfe.

To, me mutum zai sani kafin a kira shi gwani? Na zauna da wani dattijo a rumfarsa na ga yadda yake fitar da bokiti. Ni da na ɗauka murabba'i zai yanka ya naɗe. Sai ya ce, "Ɗana, in ka naɗe wannan bututu za ka samu. Bokiti bakinsa ya fi gindinsa faɗi, don haka dole fallen ya lanƙwasa kamar jinjirin wata." Da ƙusa da igiya ya zana shi. Na tambaye shi tsawon da baki mai faɗin inci 14 zai ci, ya ce 44, ya ƙara kaɗan na ninki. Malaminmu na lissafi, Allah ya saka masa, ya sha wahala da mu a kan 22 bisa 7, ga shi wanda bai taɓa zama a aji ba yana aiki da shi kullum, alhali kuwa ni sai da na ciro waya na duba.

Bayan awo sai yanka, sai ninke gefe biyu su sarƙe da juna a daddale su da guduma a kan guntun ƙarfen dogo, sai naɗe waya a baki don ya yi ƙarfi kada kuma ya yanki hannu, sa'an nan a like gindi da dalma. In aka yi kuskuren rabin inci, ruwa ne zai tona asiri. Har ila yau dole ya san kaurin kowane falle da abin da ya dace da shi, ya san gangar fetur ba a sa mata wuta sai an wanke an cika ta da ruwa, ya san hayaƙin kwano mai shafe yana sa zazzaɓi. Batun dalma kuwa, tun bayan da gubarta ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ta hanyar haƙar zinari, ya kamata kowa ya daina yarda a like abin abinci da ita.

Wannan ilimi shekaru ake yi ana ɗibarsa a gaban maigida, ranar da aka yaye yaro kuma addu'a ce da kayan aiki, babu takarda. Ita takardar ta bi wata hanya dabam. Turawa sun kawo jarrabawar City and Guilds ta Landan, cibiyar da aka kafa a 1878, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kuma ta riƙa ba da shaidar gwajin sana'a mai mataki uku, daga na 3 zuwa na 1. A 1977 aka kafa hukumar NBTE a Kaduna mai kula da ilimin fasaha, a farkon shekarun 1990 kuma NABTEB ta karɓi jarrabawar kwalejojin fasaha. Tsarin 6-3-3-4 na 1982 ya yi niyyar kowane ɗalibi ya taɓa guduma, har aka sayo injuna daga gabashin Turai, amma da yawansu a cikin akwatunansu suka ruɓe saboda rashin wuta da malamai. Mu kanmu a allo muka koyi lanƙwasa ƙarfe.

Sakamakon haka shi nake gani a ofis. Idan aiki ya taso, mai takarda ake ba, shi kuma ya zagaya ya kai wa mai rumfa a kan kuɗi kaɗan. Alhali gwajin sana'ar nan na Ma'aikatar Ƙwadago aikin hannu ake dubawa, kuma wanda ya koya a rumfa yana iya zama a gwada shi. Dattijon nan da na faɗa masa haka, cewa ya yi bai taɓa ji ba, shi kam ya tsufa, amma yana da yara huɗu.

Ga shi kuwa aiki ya dawo. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma buɗe kamfanin casa na WACOT a Argungu a 2017, fadamar Rima ta cika da injin ban-ruwa, mata masu gumi suna neman manyan tukwanen ganga, masu injin casa suna neman mazubi da murfi. Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su sa batun cikin ajandar taro mai zuwa, mu biya wa yara goma daga Augie da Argungu kuɗin gwajin mataki na 3. Kuɗin biyu daga ciki ni zan ɗauka.