Ƙafar Da Ke Jin Zafi Amma Ba Ta Motsi

Wani mai sauraronmu daga Faskari, Jihar Katsina, ya aiko da wasiƙa yana cewa shan inna ta shanye wa ƙanensa ƙafa tun yana yaro, amma ko sauro ne ya cije shi a ƙafar yana ji. Yana tambaya, yaya ƙafar da ta mutu take jin zafi?

To malam, ƙafar ba ta mutu ba. Amsar tana cikin laka, wato farar igiyar nan da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya. Tun ƙarni na 2 wani likita a birnin Rum, mai suna Galen, ya yanke lakar dabbobi, ya ga duk abin da ke ƙasa da wurin yankan ya daina motsi, ya daina ji. Amma sai da aka yi fiye da shekara 1,500 kafin a gane hanyoyin biyu ne.

Jijiyoyi 31 ke fita daga kowane gefe na laka, kowace da saiwa biyu, ta gaba da ta baya. A 1811 Charles Bell a Landan ya lura taɓa saiwar gaba ke sa tsoka motsi. A 1822 Magendie na Faransa ya gwada a jikin 'yan kwikwiyo: in ya yanke ta gaba motsi ya tafi, in ya yanke ta baya ji ya tafi. Ke nan umurnin ƙwaƙwalwa ta gaba yake fita, labarin zafi da sanyi ta baya yake shiga.

Ƙwayar shan inna kuwa, wadda aka gano a 1908, gefen gaba take lalatawa, ta bar na baya lafiya lau. Ba aljana Inna ba ce, kamar yadda kakanninmu suka ɗauka.

Abin da ta lalata ba ya dawowa, don haka rigakafi ya fi magani. A 2016 aka ga na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a Nijeriya, a Jihar Borno, kuma a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Duk da haka kada a yi sake da ɗigon rigakafin yara. Allah ya ba ƙanenka lafiya, amin.