Kyauro a Tarihin Kibiyar Bahaushe

Idan ana zancen kibiya, mukan fi karkata ga ƙarfenta da dafin kwankwanin da ake shafa mata, mu manta da kyauron da ke ɗauke da su. Alhali kuwa kibiyar ƙasar Hausa ba a ɗaura mata gashin tsuntsu a gindi irin na kiban Turai. Saboda haka, tafiyarta sak ta dogara ne ga miƙewar karan da nauyin bakinta. Shi ya sa maharbi kan kutsa fadama ya zaɓo kyauron da ya ƙosa, ya shanya shi, ya gasa duk gaɓar da ta karkace ya miƙar da ita, sa'annan ya naɗe bakin da jijiya gudun tsagewa. Karkataccen kyauro kuwa, ko barewar na kusa, sai a kwana da yunwa.

Wannan sani na farauta shi aka kai fagen fama. A Tabkin Kwatto, cikin 1804, 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu suka karya dawakin Sarkin Gobir Yunfa. A Burmi ma, cikin 1903, duk da bindigogin Turawa, kibiya mai dafi ce ta kashe jagoransu, Manjo Marsh.