Targaɗen idon sawu

Targaɗen idon sawu rauni ne da ke samun jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan gaɓar idon sawu, inda jijiyoyin kan miƙe fiye da ƙima ko su yage. Yana faruwa ne idan ƙafa ta gurɗe a lokacin faɗuwa, tuntuɓe, tsalle ko taka wurin da bai daidaita ba. Yana cikin raunukan da aka fi samu a gida da wajen wasanni. Mafi yawansa yana warkewa da kulawar gida ba tare da tiyata ba, sai dai alamominsa suna kama da na karaya, kuma wanda bai warke da kyau ba yakan bar gaɓar da rauni har ta riƙa gurɗewa akai-akai.

Kalmomi

Ana kiran gaɓar da idon sawu ko idon ƙafa. Hausa ta bambanta raunuka huɗu da ake yawan haɗa su: targaɗe shi ne raunin jijiya ba tare da ƙashi ya taɓu ba, gocewa ita ce fitar ƙashi daga mazauninsa a gaɓa, tsagewa ita ce ƙashi ya dare amma bai rabu ba, karaya kuma ƙashi ya rabu. A likitance tsagewa ma nau'in karaya ce. Kalmar jijiya tana ɗaukar ma'anoni da yawa, har da hanyar jini da hanyar saƙon ƙwaƙwalwa. A wannan maƙala ana nufin zaren nama mai tauri da ke haɗa ƙashi da ƙashi.

Tsarin gaɓar

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a idon sawu: babban ƙashin ƙwauri mai suna tibiya, siririn da ke gefensa na waje mai suna fibula, da talus wanda ke zaune a kan ƙashin diddige. Tudun nan biyu da ake gani a gefen ciki da na waje su ne ƙarshen tibiya da fibula. Jijiyoyi uku ne suka riƙe gefen waje, gefen ciki kuma wata faffaɗar jijiya mai ƙarfi ce da ake kira deltoyid. Saboda gefen waje ya fi rauni, kuma ƙafa ta fi sauƙin juyawa ciki, kusan kashi 85 cikin 100 na targaɗen idon sawu a waje yake faruwa. Jijiyar da ta haɗa fibula da talus ta gaba ita ce ta fi yawan yagewa. Akwai kuma targaɗen sama, wanda ke samun jijiyoyin da suka haɗa tibiya da fibula, kuma ya fi daɗewa bai warke ba.

Alamomi da matakai

Alamomin sun haɗa da zafi musamman idan an taka, kumburi, taruwar jini a ƙarƙashin fata, da ƙagewar gaɓa. Wasu kan ji ƙara a lokacin da abin ya faru. Jinin da ya taru yakan gangara zuwa gefen tafin ƙafa da yatsu bayan kwana ɗaya ko biyu. Likitoci sun kasa raunin mataki uku:

Mataki na 1: jijiya ta miƙe, kumburi kaɗan ne, mutum yana iya takawa. Yakan warke cikin mako 1 zuwa 3.

Mataki na 2: wani ɓangare na jijiya ya yage, akwai kumburi da taruwar jini, tafiya sai da ɗingishi. Yakan ɗauki mako 3 zuwa 6.

Mataki na 3: jijiya ta tsinke gaba ɗaya, kumburi ya yi yawa, gaɓar ta yi sako-sako. Yana iya ɗaukar watanni, kuma yana buƙatar likita.

Kulawa a gida

A kwana biyu zuwa uku na farko, manufar kulawa ita ce rage zafi da kumburi da kuma kare gaɓar daga ƙarin rauni. Tsarin da aka fi sani shi ne RICE, wanda likita ɗan Amurka Gabe Mirkin ya fito da shi a shekarar 1978. Haruffan suna wakiltar abubuwa huɗu a Turanci.

Hutu: a daina aikin da ya jawo raunin, a rage takawa. Idan takawa tana da zafi sosai a yi amfani da sandar dogarawa.

Sanyi: a naɗe ƙanƙara a tawul ko tsumma mai tsafta a ɗora na minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan kowace awa 2 zuwa 3. Ba a ɗora ƙanƙara kai tsaye a fata domin tana ƙona ta. Inda babu ƙanƙara ana jiƙa tawul da ruwan sanyi, kamar na randa, a riƙa sauyawa. Masu ciwon suga da waɗanda ƙafarsu ba ta jin taɓi sosai ko jini ba ya gudana da kyau sai sun nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin su sa ƙanƙara.

Ɗauri: a naɗe da bandeji mai talewa, a fara daga gindin yatsu a hau zuwa saman idon sawu, a bar yatsu a waje. Idan yatsu suka yi sanyi, suka sauya launi, ko aka ji ƙafa ta yi barci, ɗaurin ya yi tsauri, sai a sassauta nan take. Ana kwance shi kafin barci.

Ɗagawa: a kwanta a ɗora ƙafar a kan matashin kai ta yadda za ta fi ƙirji tudu, domin ruwan kumburin ya koma.

A waɗannan kwanakin na farko ana guje wa gashi da ruwan zafi, shafa man zafi, tausa mai ƙarfi, gudu da shan barasa, domin dukansu suna iya ƙara kumburi da zubar jini a ciki.

Ra'ayin masana ya sauya game da hutu da ƙanƙara. A shekarar 2014 Mirkin da kansa ya bayyana cewa yawan sa ƙanƙara da dogon hutu suna iya jinkirta warkewa, domin kumburi wani ɓangare ne na yadda jiki ke gyara kansa. A shekarar 2019 Blaise Dubois da Jean-François Esculier suka gabatar da wani tsari mai suna PEACE and LOVE, wanda ya fi ƙarfafa komawa motsi da wuri. A yau ana ɗaukar ƙanƙara a matsayin hanyar rage zafi na ɗan lokaci, kuma hutun gaba ɗaya ba ya wuce 'yan kwanaki.

Maganin zafi

Farasitamol shi ne zaɓin farko. Babban mutum yana shan miligiram 500 zuwa 1,000 bayan kowace awa 4 zuwa 6, ba tare da wuce miligiram 4,000 a cikin awa 24 ba, domin wuce hakan yana lalata hanta. Ibufurofen da diklofenak suna rage zafi da kumburi, amma masu gyambon ciki, ciwon ƙoda, asma, mata masu juna biyu da masu shan maganin tsinka jini ba sa shan su sai da izinin likita. Ba a haɗa biyun a sha tare. Ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin.

Lokacin zuwa asibiti

A shekarar 1992 Ian Stiell da abokan aikinsa a birnin Ottawa na ƙasar Kanada suka wallafa ƙa'idojin da ke taimaka wa likita sanin wanda ke buƙatar hoton ƙashi. Ana ɗaukar hoto idan mutum ya kasa yin taku huɗu bayan raunin da kuma lokacin da ake duba shi, ko ana jin zafi idan an danna kan tudun idon sawu na ciki ko na waje ko bayansa har tsawon santimita 6 zuwa sama, ko a gindin ƙashin ƙaramin yatsa da ke gefen ƙafa na waje, ko a ƙashin nabikula da ke gefen ciki. Ƙa'idojin ba kasafai suke kuskure karaya ba, kuma sun rage yawan hoton da ba a buƙata.

Ana zuwa asibiti cikin gaggawa idan ƙafa ta karkace, ko fata ta yage a kan gaɓar, ko ƙafa ta yi sanyi ko ta daina ji, ko zafi yana ƙaruwa duk da magani, ko zazzaɓi ya biyo baya. Kumburi da zafi a tsokar bayan ƙwauri suna iya zama alamar daskarewar jini, musamman idan akwai sarƙewar numfashi. Yara da tsofaffi suna buƙatar dubawa da wuri: a yaro wurin girman ƙashi ya fi jijiya rauni, tsoho kuma ƙashinsa yana karyewa da ƙaramar faɗuwa. Haka nan duk targaɗen da bai fara sauƙi ba bayan mako ɗaya.

Ɗorin gargajiya

A ƙasar Hausa mutane da yawa sukan fara zuwa wajen maɗori, saboda kusanci, sauƙin kuɗi da yarda da aka gada. Sana'a ce da ake gado a gida. Maɗori yakan ja gaɓar, ya murza, ya shafa magani, wani lokaci ya ɗaure da karare. Tunda a targaɗe ƙashi bai bar wurinsa ba, babu abin da za a mayar, kuma ja da ƙarfi yana iya ƙara yaga jijiya ko ya gusar da ƙashin da ya tsage. Likitocin ƙashi a Najeriya sun sha ba da rahoton ruɓewar hannu ko ƙafa sakamakon ɗauri mai tsauri da ya toshe jini, har ta kai ga yankewa. Hoton ƙashi ne ke raba targaɗe da karaya, ana kuma yin sa a manyan asibitoci da na ƙwararru irin Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.

Farfaɗowa

Da zarar zafi ya fara lafawa ana soma motsa gaɓar, domin barin ta a ɗaure na tsawon lokaci yana sa ta ƙage, tsoka kuma ta yi rauni. Ana fara da motsa ƙafa sama da ƙasa da rubuta haruffa a iska da babban yatsa. Daga nan sai a saƙala tawul a tafin ƙafa a ja a hankali na daƙiƙa 30, sai ɗaga diddige a tsaye ana dafe da bango. Mataki na ƙarshe shi ne tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, wanda ke dawo wa gaɓar da iya sanin matsayinta. Tsugunno da zama a kan ƙafa sukan daɗe suna ciwo. Ba a komawa ƙwallo ko gudu sai mutum ya iya tafiya da tsalle a kan ƙafar ba tare da zafi ba. Likitan gashin ƙashi yana tsara atisayen ga masu mataki na 2 da na 3.

Rigakafi

Babban abin da ke jawo targaɗe shi ne targaɗen baya, musamman a shekarar farko bayan raunin. Atisayen tsayuwa a ƙafa ɗaya da sanya maɗaurin idon sawu lokacin wasa suna rage maimaituwarsa. Sauran matakan sun haɗa da ɗumama jiki kafin wasa, sanya takalmin da ya kama ƙafa, guje wa mai dogon diddige a hanya mai gargada, goge ruwa a daɓe da banɗaki, da haska fitila a matakala da tsakar gida da dare.