Tarihin Jere a Ƙasar Ƙanƙara

Duk wanda ya shiga ɗakin amarya a ƙasar Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, abin da idonsa zai fara gani shi ne jere, watau kayan da iyayenta suka shirya mata a jikin bango. Mutane da yawa su kan ɗauka ado ne kawai. Amma wanda ya bi tarihinsa zai gane jere dukiyar mace ce, shi ne kuma asusunta na ranar wahala.

A zamanin da, kafin Turawa su ci Katsina a 1903, ɗakin mace na ƙasa ne da jinka. Idan biki ya matso, mata su kan taru su yi daɓe, su zuba masa makuba don ya yi ƙarfi, sa'an nan su shafe bango da farar ƙasa. Ƙanƙara kuwa Allah ya albarkace ta da farar ƙasa, har yau ana haƙarta ana kai ta wasu garuruwa. Kayan jeren da kansu yawancinsu daga gona da daji su ke fitowa. Akwai ƙore da ƙoƙuna na duma waɗanda aka yi wa zane, da masaki, da ludayi, da akushi na itace, da faya-fayai masu rini. A kan ɗora ƙwarya bisa ƙwarya, babba a ƙasa, ƙarama a sama, wasu kuma a rataye su a ragaya. In ɗaya ta fashe, gyartai ya ɗinke ta. 'Ya'yan sarakuna da na attajirai su ne su kan sami tasoshin tagulla, waɗanda fatake ke kawowa daga Bida ta ƙasar Nufe.

Abin da ya juya wannan al'amari shi ne auduga da jirgin ƙasa. Jirgi ya iso Kano a 1911, daga baya aka ja reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ƙasar kudancin Katsina ta karɓi auduga ƙwarai, aka kafa injin gurza ta a Funtuwa, aka kuma buɗe gonar iri a Daudawa cikin ƙasar Faskari. Manomi ya kai audugarsa ma'auni da kaka, ya komo da fam da sule. Jirgin da ya kwashi auduga kuwa ba ya dawowa wofi, ya kan zo da kwanonin ƙarfe masu fenti daga ƙasashen Turai da Hongkong. Nan da nan langa da fanteka da samira suka ture ƙwarya daga jikin bango, suka mai da ita madafa. Gadon ƙarfe mai rumfa ya gaji gadon kara. Wajen samun mulkin kai a 1960 aka soma ƙera kwanonin a Ikko da Kano, suka yi araha, har ta kai ana jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi.

To, yaya uwa talaka ta ke tara wannan kaya? Ba rana ɗaya ta ke yi ba. Tun yarinya tana ƙarama uwarta ke kaɗi, tana yin ƙuli-ƙuli ko fura, yarinya tana talla, ribar kuwa a sayi kwano ɗaya a ɓoye. Ga adashi, ga kuma gudummawar biki da ƙawaye ke kawowa, wadda ita ma za ta rama in nasu ya zo. Saboda haka jere ya kan nuna ƙwazon uwa da yawan mutanenta.

Abin lura shi ne kayan nan na matar ne, miji ba shi da iko a kansu. In aure ya mutu, da su ta ke fita. In ciwo ya kama ɗanta, ko hatsi ya ƙare da bazara, ta kan zare kwano biyu ta bai wa dillaliya. A farin 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam, gidaje da yawa a ƙasar Hausa da jeren mata suka sayi dawa.

Bayan kuɗin man fetur sun yawaita sai ya zama kabad mai gilashi da tangaram a ke yayi, daga nan aka shiga kujeru, da katifar soso, da labule, da kuloli, da firij. Ɗaki ya ƙara kyau, babu shakka. Amma akwai hasara a ciki. Tangaram in ya faɗi ya tafi ke nan, kujera kuwa da zarar an zauna a kanta kuɗinta ya ragu. Ga shi kuma kaya sun fi ƙarfin sana'ar uwa, nauyi ya koma kan uba, wani har ya jinginar da gona ko ya ci bashi don gudun gorin dangin miji.

A 'yan shekarun nan wata masifa ta auka wa wannan ƙasa, ta ɓarayin daji, waɗanda suka kwashe 'yan makaranta a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. Ƙauyuka da dama sun watse, kuma macen da ta gudu da dare da goyo a baya ba ta iya ɗaukar gado ko kabad. Abin da aka shekara goma ana tarawa a kan bar shi a dare ɗaya.

Mutanen da sun yi jere daidai ƙarfinsu, da abin da zai yi wa 'yarsu rana. Uban da ya sayar da gona don ya cika ɗaki da kujeru ya saɓa wa wannan hikima. Wanda ya rage ado kaɗan, ya haɗa wa 'yarsa da keken ɗinki, ko akuya, ko ilmin da ba a raba ta da shi, shi ne ya bi sawun kakanni.