The Legend of Zelda: Wasan 1986 da ya yi suna a duniya amma ya yi wuyar samu a kasuwannin Abidjan

The Legend of Zelda, wanda aka fi kira Zelda a taƙaice, wasan bidiyo ne na yaƙi da yawon bincike da kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar ranar 21 ga watan Fabrairun 1986. An sayar da fiye da miliyan 6 na wasan a faɗin duniya, kuma ana lissafa shi cikin wasannin da suka sauya wannan sana'a baki ɗaya. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda suka tashi a Adjamé da Treichville a shekarun 1990 sun san Mario da wasan harbin agwagi da na tankokin yaƙi, amma ba su taɓa riƙe kaset ɗin Zelda ba. Dalilin hakan yana cikin yadda aka ƙera wasan da kuma hanyar da kayan lantarki ke bi su iso Kwaddebuwa.

Waɗanda suka ƙirƙira shi

Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka ne suka tsara wasan, Koji Kondo kuma ya yi kiɗansa. Su ukun ne suka yi Super Mario Bros, wanda ya fito a Satumban 1985, kuma an yi aikin wasannin biyu a lokaci guda. Mario hanya ɗaya ce daga hagu zuwa dama. A Zelda an sakar wa mai wasa ƙasa guda, ya bi inda ya ga dama.

Miyamoto, wanda aka haifa a 1952 a garin Sonobe kusa da Kyoto, ya sha bayyana cewa tunanin wasan ya samo asali ne daga yawon da yake yi yana yaro a dazuzzuka da kogunan duwatsun ƙauyensu ba tare da taswira ba. Sunan gimbiyar kuwa ya aro shi ne daga Zelda Fitzgerald, matar marubucin nan na Amurka F. Scott Fitzgerald. Akwai kuma wata alaƙa da Faransa: da farko an so a buɗe wasan da kiɗan Boléro na Maurice Ravel, sai aka gano a ƙurarren lokaci cewa haƙƙin mallakarsa bai ƙare ba. Dole Kondo ya tsara wani cikin gaggawa, kuma shi ne ya zama taken Zelda har yau.

Labarin wasan

Abin ya faru ne a wata masarauta ta tatsuniya mai suna Hyrule. Wani dodo mai siffar alade, Ganon, ya kai mata hari ya sace Triforce na ƙarfi, wato wani ƙarfen zinariya mai kusurwa uku da ke ɗauke da sihiri. Domin kada ya haɗa da na hikima, Gimbiya Zelda ta farfasa shi gida 8 ta ɓoye a gidajen ƙarƙashin ƙasa, ta aiki mai renonta Impa ta nemo wanda zai ceci ƙasar. Ganon ya kama gimbiyar ya tsare. Impa ta gamu da wani yaro mai koren kaya, sunansa Link.

Mutane da yawa suna kiran yaron Zelda, wanda kuskure ne. Link ne ake wasa da shi, Zelda kuwa ba a ganinta sai a ƙarshe. Aikinsa shi ne ya tattara gutsattsarin nan 8, ya shiga gida na 9 a Dutsen Mutuwa, ya kashe Ganon da kibiyar azurfa.

Yadda ake wasan

Ana kallon Link daga sama, kamar mutum na kan soro yana kallon tsakar gida. Ƙasar Hyrule ta ƙunshi fage 128, wato 16 a kwance, 8 a tsaye, kuma da zarar Link ya kai bakin allon talabijin sai fage na gaba ya bayyana. Akwai daji da hamada da tafki da maƙabarta da bakin teku.

Link yana farawa da garkuwa kawai da zukata 3, waɗanda su ne ma'aunin ransa. Babu wanda ke gaya masa inda zai nufa. A fagen farko akwai wani kogo, a ciki wani tsoho zai ba shi takobin katako. Farin takobi ba ya samuwa sai yana da zukata 5, takobin sihiri kuma sai da 12. Iyakar zukatan 16 ne. Idan duk a cike suke, takobin yana harba haske daga nesa.

Kowane gidan ƙasa yana da taswira da kamfas da makullai, da babban dodo a ƙarshe, da wani kayan aiki da ke buɗe sabuwar hanya. Tsani na ƙetare ƙaramin ruwa, jirgin katako na kai shi tsibiri, kyandir na haska ɗaki mai duhu ya kuma ƙona bishiya a ga matakala a ƙarƙashinta. Bam na fasa bango. Sarewa tana ƙafar da wani tafki, ƙofar gida na 7 ta bayyana. Dodanni ma kowanne da lagonsa: Dodongo sai an sa ya haɗiyi bam, Gohma kuma sai kibiya a ido.

Kuɗin wasan, rupi, ba sa wuce 255, domin nan ne iyakar lambar da ma'ajin da aka ware musu ke iya riƙewa. Kowace kibiya da aka harba rupi ɗaya take ci. Zoben shuɗi, wanda ke rage rabin illar duka, rupi 250 ne, don haka mai wasa yakan daɗe yana tari kafin ya saya. Wasu ɓoyayyun kogunan kyauta ake samu a ciki, wasu kuwa tsohon da ke ciki tara yake cin Link saboda ya fasa masa ƙofa.

Wanda ya gama wasan zai tarar da zagaye na biyu, mai wuya, inda aka sauya tsarin gidajen ƙasa da wuraren da suke. Ana iya shigarsa kai tsaye idan aka rubuta ZELDA a matsayin suna. Wannan zagaye ya samu ne saboda gidajen da Tezuka ya zana rabin wurin da aka tanada kawai suka ci.

Miyamoto da gangan ya ƙi yin bayani da yawa a cikin wasan. Yana so yara su riƙa tambayar juna, wannan ya faɗa wa wancan bangon da ake fasawa. Misali akwai wani daji da ba a fita daga cikinsa ta yamma sai an bi arewa, yamma, kudu, yamma, in ba haka ba mutum ya yi ta dawowa wuri ɗaya.

Batirin da ke cikin kaset

A Japan an fara fitar da Zelda ne a kan faifai, na wata na'ura da ake jona wa Famicom, kuma a kan faifan ake adana inda aka tsaya. Da aka kawo shi Amurka da Turai a 1987 don na'urar NES, sai aka mayar da shi kaset mai launin zinariya, aka sa masa ɗan ƙaramin batir a ciki. Batirin ne ke riƙe wa ƙwaƙwalwar kaset ɗin wuta bayan an kashe na'ura. Mutum uku na iya adana wasansu a kaset ɗaya.

A lokacin wannan sabon abu ne. Yawancin wasanni idan aka kashe wuta an koma farko, wasu kuma sai an kwafi doguwar lambar sirri a takarda. Batirin ya ba da damar yin wasa mai ɗaukar makonni. Yana da rauninsa: an shawarci masu wasa su danne maɓallin sake farawa yayin da suke kashe na'urar, don kada abin da suka adana ya goge.

Me ya sa ya yi wuyar samu a Adjamé da Treichville

Adjamé ita ce cibiyar tashoshin mota da kasuwanci a Abidjan, kuma a can ne kasuwar da ake kira Black Market take, wadda ta shahara da wayoyi da kayan lantarki sababbi da na hannu. Treichville kuma tana maƙwabtaka da tashar jiragen ruwa, tana da babbar kasuwa da tashar jirgin ƙasa. Hausawa daga Nijar da Najeriya sun daɗe suna zaune suna fatauci a unguwannin biyu.

Na'urar Nintendo ta asali kaya ce mai tsada, kuma tsadar ta ƙaru bayan an karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994. Abin da ya fi isa hannun talaka shi ne na'urorin kwaikwayon Famicom da aka riƙa ƙerawa a Taiwan da China, irin su PolyStation, waɗanda ke zuwa da kaset mai da'awar ɗaruruwa ko dubban wasanni. A gaskiya wasanni kaɗan ne ake maimaitawa da sunaye daban-daban.

Abubuwa huɗu suka hana Zelda shiga wannan hanya. Na farko girma: Super Mario Bros kilobayit 40 ne, Zelda kuwa 128, kuma yana buƙatar wani guntun lantarki na musamman a cikin kaset. Na biyu batir: masu yin kaset mai araha ba sa sa shi, kuma Zelda ba tare da adanawa ba wahala ce kawai, musamman inda ake ɗauke wuta. Na uku baki: kaset ɗin Famicom da na'urorin kwaikwayonsa haƙora 60 gare shi, na NES kuwa 72, don haka ko ɗan'uwa ya aiko da Zelda daga Faransa ba zai shiga na'urar da ke gida ba. A Japan ma sai a 1994 aka fitar da shi a kaset mai haƙora 60. Na huɗu harshe: rubutun cikin wasan Turanci ne ko a kaset ɗin da aka sayar a Faransa, ɗan littafin bayanin ne kawai aka fassara, kuma kayan hannu sau da yawa ba sa zuwa da littafi.

Ga kuma tsarin shagunan wasa na unguwa, inda yaro ke biyan kuɗi ya yi zagaye ɗaya ya ba wani wuri. Ƙwallon ƙafa da dambe sun dace da wannan. Wasan da mutum ɗaya zai zauna a kai na makonni ba ya kawo wa mai shago riba.

Zelda na farko da aka fassara zuwa Faransanci shi ne A Link to the Past, wanda ya fito a Japan a 1991, a Turai kuma a 1992 don na'urar Super Nintendo. Link's Awakening na 1993, na ƙaramar na'urar hannu Game Boy, shi ma ya fito da Faransanci, kuma da batir take aiki, ba ruwanta da talabijin ko wutar gida.

Abin da mai saye zai lura da shi

Tsohon kaset ɗin Zelda ya zama kayan tarihi da masu tarawa ke nema, saboda haka jabu sun yi yawa. Launin zinariya kaɗai ba hujja ba ne. A buɗe a duba allon lantarkin da ke ciki, na asali yana ɗauke da sunan Nintendo.

Batirin ciki nau'in CR2032 ne, an like shi da dalma. Bayan shekaru fiye da 30 da yawa sun mutu. A gwada a gaban mai shago: a rubuta suna, a adana, a kashe, a sake kunnawa. Mai gyaran rediyo ko waya na iya sauya shi, amma abin da aka adana a da zai tafi.

NES tana da makullin yanki. Kaset ɗin Amurka ba ya aiki a na'urar Turai, Turai ma ta kasu biyu: Ingila da Italiya a gefe guda, Faransa da Jamus da Sifaniya a ɗaya gefen. Na'urar da aka sayar a Faransa ta hanyar Péritel ake jona ta, wanda yawancin sababbin talabijin ba su da shi. Wutar Abidjan bolt 220 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100, don haka jona cajar can kai tsaye zai ƙona ta.

Nintendo ta sake fitar da wasan sau da dama. Yana cikin wasanni 30 na ƙaramar NES da ta fito a Nuwamban 2016, wadda ake jonawa ta HDMI. Masu kama da ita da ke alkawarin ɗaruruwan wasanni ba na Nintendo ba ne. Yana kuma cikin tsarin biyan kuɗi na intanet na na'urar Switch tun 2018, da wata ƙaramar na'urar Game & Watch da aka yi a 2021 don cikar wasan shekara 35.

Bayan 1986

Daga wannan wasa jerin ya ci gaba: Zelda II a 1987, Ocarina of Time a 1998 wanda ya kai labarin ga hoto mai zurfi, Breath of the Wild a 2017, da Tears of the Kingdom a 2023. Masu yin Breath of the Wild sun bayyana cewa wasan 1986 suka koma wa, har suka fara gwada dabarunsu a wani samfuri mai kama da shi. A Nuwamban 2023 Nintendo ta sanar da cewa tana shirya fim ɗin Zelda tare da kamfanin Sony Pictures.

A Abidjan ma harkar ta girma. Tun 2017 ake gudanar da bikin FEJA na kayan lantarki da wasannin bidiyo, wanda Sidick Bakayoko, mai kamfanin Paradise Game, ya assasa, inda matasa daga ƙasashen Afirka daban-daban ke zuwa gasa. Gasar ta fi karkata ga ƙwallo da dambe, kamar yadda shagunan unguwa suka saba. Zelda ba wasan gasa ba ne. Wanda ya samu damar gwada na 1986 a yau, shawarar da aka bai wa yaran wancan lokaci tana nan: ya ɗauki takarda da biro ya zana taswirarsa, fage 16 a kwance, 8 a tsaye, ya riƙa sa alama a duk inda ya ga kogo.